Shrinking: wa ya kalla, kuma yaya kuka ji da maganar Louis?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Daren jiya na gama zango na 2 na Shrinking, shirin nan na Apple TV, kuma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, ya tsaya daga nan, don za mu fasa ƙwai.

Labarin wasu likitoci uku ne a garin Pasadena na jihar Kalifoniya, irin likitocin da ba sa allura ba sa rubuta magani, zama ake yi da su a zayyana musu damuwa. Jimmy, wanda Jason Segel ya fito a matsayinsa, matarsa Tia ta rasu a haɗarin mota. Ya yi wajen shekara guda yana nan kamar ba ya nan: shaye-shaye, raba dare, tara mata a gida. 'Yarsa Alice tana cikin gidan, amma maƙwabciyarsu Liz ce ke ciyar da ita, ita ke tsaya mata a harkar makaranta. Da ya fara farfaɗowa sai ya ce ya gaji da gyaɗa wa masu zuwa wurinsa kai, daga yau zai riƙa faɗa musu gaskiya ƙiri-ƙiri, har ya shiga rayuwarsu da ƙafarsa.

Ni dai ba Jimmy ne ya kama ni ba, Alice ce. Ina da shekara 15 Babanmu ya rasu. Mama ta yi takaba ta fita, amma ba ta dawo mana ba. Kullum tana ɗaki, fitila a kashe. Matar ƙanin Babanmu ce ta riƙe mu, ita ke kitse mana kai, ita ke duba ko mun ci abinci. Duk wanda ya zo sai ya ce da ni "ki kula da Mamanki," ba wanda ya taɓa cewa ke fa, ya kike ji? Wurin da Alice ta nuna wa ubanta cewa ita ma fa an yi mata rashin, kuma ya bar ta ita kaɗai da shi, sai da na tsayar da kallon na yi kuka na ƙoshi.

Tambayata ita ce Louis, direban da ya sha giya ya buge Tia. Kun yarda da yadda suka ƙare maganarsa?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin a kai ga Louis ina da ta cewa a kan Jimmy, don shekarata 11 ina aikin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Na yi dariya a shirin, na kuma ji daɗinsa, amma ina tsoron mutane su ɗauka haka aikin yake. Abin da Jimmy ya yi, da gaske ne da tuni an karɓe lasisinsa. Ya kai wani mai zuwa wurinsa, Sean, tsohon sojan da ya dawo daga Afganistan da ciwon fushi, wurin koyon dambe, ya ja shi kallon ƙwallon 'yarsa, faɗa ya kaure a can, daga ƙarshe ya ajiye shi a gidansa. Ya ce da Grace, wata mai zuwa wurinsa da mijinta ke cutar da ita, ko ta rabu da mijin ko ya daina ganinta.

Wannan iyakar da ake sa wa tsakanin likita da mai zuwa wurinsa ba girman kai ba ne. Mutum ya zo maka a raunane, duk abin da ka ce zai ɗauka da nauyi. Idan ka zama abokinsa, kuma mai gidan da yake kwana, ta yaya zai ce maka shawararka ba ta yi masa ba? Kuma duk wanda ya yi aiki da matan da ake cuta a gidan aure ya san lokacin da mace ta yunƙura za ta bar gidan shi ne mafi haɗari gare ta. Ana shirya shi ne a tsanake, ba da wa'adi ba.

Hanyar da ofishinsu ke bi a shirin ma sananniya ce, Aaron Beck ne ya kafa ta a Jami'ar Pennsylvania cikin shekarun 1960. Ginshiƙinta shi ne ka yi ta yi wa mutum tambaya har ya gano da kansa inda tunaninsa ya karkace, ka ba shi aikin da zai gwada a gida, ya dawo ku duba tare. Aiki ne mai tafiyar hawainiya, shi ya sa ba ya daɗin kallo.

Ɗan Gwandu:
Yallaɓai, ai shirin bai wanke Jimmy ba. Paul, babban likitan ofishinsu, tun kashin farko yake yi masa faɗa. Kuma ka ga inda shawararsa ta kai Grace: ƙarshen zango na 1 ta tura mijin daga kan dutse. A zango na 2 kuma Paul ya karɓe Sean daga hannunsa. Ni a ganina marubutan sun san kuskure ne, sun nuna mutumin da ya kasa gyara gidansa sai ya koma gyara na mutane don ya ji sanyi.

Abu Safwan:
Wannan na ƙarshe da ka faɗa gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a rubutun. Amma duba yadda aka warware maganar Grace cikin sauƙi. Mijin bai mutu ba, ita ta fito daga tsare, Jimmy kuma washegari yana ofis. An taɓa shi da bulala, ba a dake shi ba.

Malam Abu Rumaisa:
Ni nasiha zan fara yi. Kada kowa ya kunna wannan shiri a falo da yara ko gaban surukai. Bakinsu ba linzami, batsa a cikin raha kamar ruwan sha, ga mu'amalar maza da mata irin tasu wadda ba tamu ba. Na kalli zango na 1 da rabin na 2 ina tsallake wurare.

Abin da ya tsaya mini a rai kuma shi ne: giya ce ta kashe Tia, amma kusan duk zaman da za su yi da kofin giya a hannu. Ban ga inda wani a cikinsu ya tsaya ya dubi kofin nan da kyau ba. Laifin duka an ɗora wa wanda ya tuƙa, ita kuwa kwalbar tana tsakiyar tebur.

Bilkisu Damagaram:
Malam ka faɗi abin da ke raina. Ni kuma wadatar ce ta riƙa fitar da ni daga labarin. Kowa da gida mai lambu, Jimmy har da ɗakin baƙi a bakin wurin wanka da zai ba Sean kyauta, maƙwabta ba su da aiki sai leƙo shi. Wanda ya yi rashi kuma gobe dole ya fita neman na cefane, wa zai zauna da shi a benci? Duk da haka ban iya dainawa ba, saboda Derek mijin Liz. Mutumin nan ko fitowa ya yi sai na yi dariya, ga shi da zuciya fara tas. Da Gaby, abokiyar aikin Jimmy, da ƙatuwar gorar ruwanta.

Sadiya 'Yar Baba:
Ku yi haƙuri zan karkata kaɗan. Ni saboda Paul nake kallo. Mahaifina shekara 6 ke nan da aka tabbatar masa da cutar Parkinson, wadda wasu ke kira makyarkyata. Kafin a gane, ba abin da ba a ce ba. Wasu sun ce sammu, wasu sun ce iska, wasu sun ce tsufa ne kawai. Hannun dama ne ya fara rawa idan yana zaune, rubutunsa ya ƙanƙance, tafiya ta zama ja da ƙafa. Mutumin da ya yi shekara 30 yana koyarwa ya koma ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa.

Harrison Ford, wanda ya fito a matsayin Paul, yana da shekara 80 aka fara nuna shirin a watan Janairun 2023, kuma wallahi ya kama abin. Ba rawar hannun ba ma, ɓoyewar. Yadda yake ƙin faɗa wa 'yarsa Meg, yadda yake murtuƙe fuska idan an zo taimakonsa, yadda ya sha wahala kafin ya yarda Gaby ta riƙa ɗaukarsa zuwa aiki. Baba haka yake. Ranar da yayana ya karɓi makullin motarsa, kwana uku bai yi wa kowa magana ba.

A kashin ƙarshe na zango na 2, wurin cin abincin bikin godiya, ya ƙi shan maganinsa ya bari kowa ya ga hannun yana rawa, yana gaya musu hanyar da ke gabansa ba mai sauƙi ba ce amma yana da su. Nan na kasa. Na tashi na je ɗakin Baba na zauna kusa da shi, ban ce komai ba.

Abu Safwan:
Allah ya ba Baba lafiya, ƙanwata. Cutar tana zuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka fara mutuwa. Wani likitan Ingila, James Parkinson, ya fara bayaninta a 1817. Maganin da aka fi ba da shi, levodopa, yana rage alamun ne, ba ya tsayar da cutar, kuma bayan shekaru ƙarfinsa kan fara guntulewa kafin lokacin sha na gaba ya yi. Shirin ya taɓo wannan daidai. Ku riƙa rubuta lokacin da ya sha da lokacin da jikin ya fara daskarewa ku kai wa likitansa, yana taimakawa ƙwarai wajen daidaita masa. Ku kuma lura da yanayinsa, don ciwon damuwa yana yawan rakiyar wannan cuta, ana kuma maganinsa.

Ɗan Gwandu:
Parkinson ɗin nan ce ta kama Muhammad Ali. Kuma Michael J. Fox, wanda aka gano masa ita a 1991 yana da shekara 29, ya fito a zango na 3. Tsohon abokin aikin Bill Lawrence ne tun shekarun 1990, shi Lawrence ɗin ɗaya ne daga cikin mutum uku da suka ƙirƙiri shirin, tare da Jason Segel da Brett Goldstein. Wani abin mamaki, duk daɗewar Harrison Ford a harkar fim, a 2025 ne aka fara sa sunansa cikin masu takarar kyautar Emmy, kuma da wannan rawar ta Paul.

Ummu Hanan:
Don Allah kada a taɓa mana zango na 3, ban fara ba. Anti Sadiya, Allah ya saka miki da alheri da kula da Baba.

Wa ya gwada dabarar minti 15 ɗin Paul? Wato ka ware minti 15, ka kunna abin da ke sosa maka rai, ka yi kuka iya kuka, lokaci na cika ka share fuska ka ci gaba da harkarka. Da farko na ga kamar wasa. Amma na tuna mu ko minti ɗaya ba a ba mu ba. Hawaye na zubowa za a ce "haba, yi haƙuri, addu'a yake buƙata."

Malam Abu Rumaisa:
'Yata, wannan kuskuren mutane ne, ba na addini ba. Da ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, Ibrahim, yake gargarar mutuwa, idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, kuma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. Annabi Yaƙubu da ya ce haƙuri mai kyau, shi ne kuma Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin Yusufu. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufa. Mu ne muka mayar da "yi haƙuri" ta zama "yi shiru."

Baba Alhaji:
Tun ɗazu nake karantawa. 'Yata ce ta sa ni kallon shirin nan, tana fassara mini inda Turancin ya yi sauri. Bari in amsa tambayar Louis, don ni na ga irinta da idona.

Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, babbar mota ce ta take shi yana kan babur, shekara 19 ke nan. Ya bar mata da 'ya'ya uku, ƙaramin ana goye da shi. Direban ba giya ya sha ba, barci ne ya ɗauke shi, ya kwana biyu a hanya. Ranar sadakar uku sai ga shi da shugabannin tasharsu da wani dattijo daga garinsu. Ya durƙusa a ƙofar gida yana kuka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗaga shi ya ce ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira, ba ma son ko kwabo. Jama'a suka yi ta kabbara, ana cewa Malam ya yi halin manya.

Ni ina tsaye a gefe jikina yana rawa. Ba wanda ya tambaye ni. Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba: ba wanda ya shiga cikin gida ya tambayi matar. Tana ɗaki cikin takaba aka aika mata cewa an yafe. Ita ce ta yi ta sayar da ƙosai da ɗinki ta yi wa yaran nan makaranta, mu muna taimakawa da abin da ya sawwaƙa.

Don haka da na ga Louis ya zo ofishin Jimmy neman gafara, Jimmy ya daka masa tsawa ya kore shi, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Na ce ga mutumin da aka bari ya yi fushinsa. Abin da na yaba a shirin shi ne kowa da ranarsa. Alice ta riga ubanta, ta je ta zazzaga wa mutumin abin da ke cikinta, daga baya ta sauko da kanta. Uban ya ɗauki zango guda cur. Ba wanda ya yafe a madadin wani.

Malam Abu Rumaisa:
Allah ya jiƙansa, Alhaji. Abin da ka faɗa yana da tushe. A Suratun Nisa'i aya ta 92, wanda ya kashe mumini bisa kuskure, diyya ce ake miƙa wa iyalansa, sai fa idan su suka yi sadaka da ita. Haƙƙin magada ne, matar tana ciki, marayun suna ciki, kuma rabon maraya ba abin da wani zai yi kyauta da shi ba ne don a yabe shi. Kaffara kuma tana nan a wuyan wanda ya yi kisan ko an yafe diyya: azumin wata biyu a jere. Yafiya alheri ce babba, amma mai haƙƙi ne ke yin ta.

Bilkisu Damagaram:
Baba, labarinka ya fi shirin taɓa ni. Ni matsalata da Louis ita ce sun sauƙaƙa mana shi. Sun ɗauko Brett Goldstein, mutum mai fuskar tausayi, sun nuna mana rayuwarsa kafin haɗarin da budurwarsa, sun nuna bai yi tatul ba a daren, ya yi zaman kurkuku, ya rabu da kowa, yana aikin shagon kofi shi kaɗai kamar maraya. Wa zai ƙi tausaya wa wannan? Da mai taurin kai ne wanda ya ɗauki lauya ya musanta, da mun ga ko yafiyar za ta yiwu. Sannan a ƙarshe sun kai shi bakin titin jirgin ƙasa yana shirin halaka kansa, ta yadda in Jimmy bai zo ba shi zai zama mugun.

Ummu Hanan:
Na ji wannan, Anti Bilkisu, kuma jiya ni ma na yi tunaninsa. Amma da na sake kallon kashi biyun ƙarshe sai na ga ba Louis ne Jimmy ya kasa kallo ba. Duk lokacin da ya ga mutumin nan, shekarar da ya yi watsi da 'yarsa yake gani. Ga kuma abin da muka sani tun zango na 1, cewa shi da Tia suna cikin saɓani lokacin da ta rasu. Daren da ya kira Paul suka haɗu a benci ya fashe da kuka, shi ne karon farko da ya nemi taimako maimakon ya ruga gyaran wani. Sai bayan nan ya iya zuwa tashar. Kuma da ya zo bai yi wa'azi ba, bai rungume shi ba, zama kawai ya yi kusa da shi.

Shi ya sa nake tunanin Mama. Shekara da shekaru ina riƙe da ita a raina. Yanzu ina ganin ita ma ciwo ne ya kama ta, ba wanda ya san sunansa a gidanmu.

Abu Safwan:
Abin da kika kwatanta, mutum ya rufe kansa a ɗaki wata da watanni bayan rashi, ya daina kula da kansa da 'ya'yansa, muna ganinsa sosai, kuma yana jin magani da zaman tattaunawa. Ba sai mutum ya fita tsirara ake kai shi asibiti ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A watan da aka fara nuna Shrinking, Janairun 2023, a cikinsa aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Kuma duk wanda ya ji wani nasa yana maganar ya gaji da rayuwa, kada a ce masa ya yi istigfari kawai a tashi. A zauna da shi, a raka shi wurin likita.

Sadiya 'Yar Baba:
Baba Alhaji, in ba damuwa, ka sake ganin direban?

Baba Alhaji:
Sau ɗaya, bayan shekara 12. Na je tasha aika saƙo sai na ji an kira sunana. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya ce tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba, man juye yake sayarwa a bakin tashar. Ya ce ya yi azumin, sau biyu yana karyewa yana sake farawa daga farko. Ya tambaye ni yaran, kuma ya kira sunan kowannensu, har na goyen. Ban san lokacin da na miƙa masa hannu ba. Na ce suna lafiya, babban ya gama makaranta. Muka yi shiru. Ya cika mini galan ya ce in kai wa yaron ko yana da babur, na ce a'a, ya bar shi.

Matar ƙanen nawa har yau ba ta son a ambaci mutumin a gabanta, ni ma ban gaya mata mun haɗu ba.